Inda Kwando Ya Kwana

A ƙauyenmu, can kan duwatsu, kwando ne yake ciyar da malamin makaranta. Wani tsohon kwando ne na kaba mai murfi, an ɗaure hannunsa da igiya wuri biyu. Gidan da ya kwana, su ne da abincin rana washegari. A zuba a kai makaranta, idan an tashi yaron gidan ya dawo da shi, uwa ta cire kwanonta, a miƙa shi gida na gaba kafin magariba. Gida goma sha huɗu ne masu 'ya'ya a makarantar, haka yake zagaya su. Ba mai tuna wa wani, ba mai tambayar inda yake. Tambayar ma abin kunya ce, kamar ka ce maƙwabcinka marowaci ne.

Kowa kuma ya san ma'anar tsayawar kwandon. Mutanenmu ba sa iya duban idon baƙo su ce masa ya tafi. Shekarun baya an yi wani malami mai dukan yara da bututun roba. Maza suka zauna bayan sallar Juma'a, ba wanda ya ce masa uffan, kwando dai ya daina zuwa. Sati bai cika ba ya ɗaure kayansa.

Wadda ta zo bayansa ita ce Malama Gizlan, 'yar Safi, can bakin teku. Siririya ce, ba ta da yawan magana, tana kwana a ɗakin da yake manne da ajin. Aji ɗaya ne tal, manya da ƙanana duk ita ce da su.

Ijja matar Bihi tana da 'ya ɗaya a ajin, Yamna, mai shekara tara. Ita kaɗai Allah ya ba su. Bihi yana aikin gini a birnin Agadir, sai da sallah ake ganinsa. Duk ranar da kwando ya kwana gidansu, Yamna takan tsaya bakin tanderu tana ƙirga burodin sha'ir da yake fitowa.

"Inna, ƙara biyu."

"Na sa huɗu. Mutum ɗaya ce fa."

"Malama tana ci, Inna."

"Tana ci tana kai shi ina? A ƙafa take zubawa?"

Sai Yamna ta yi ta murza bakin ɗankwalinta har sai an ƙara. Kwano kuwa kullum a suɗe yake dawowa, ko ɗigon man zaitun babu.

Ijja ce ta fara kai maganar wurin wanki a bakin rafi. Ta ce yarinya kamar sandar makiyayi, amma ci kamar masu huɗa uku. Ta ce a daina ce mata Gizlan, a ce Malama Rumbu. Mata suka yi dariya har Tuda, maƙwabciyarta ta ƙasa, ta saki zanen da take matsewa ruwa ya tafi da shi. Sunan ya zauna. Ijja ta ji daɗin yadda ya zauna.

Da sanyi ya kankama, wata rana da yamma Yamna ta karɓo kwando daga gidan Lalla Itto, tsohuwar da take riƙon jikokinta a gidan da yake sama da nasu. Ta shigo tana tari, ta rataye shi a ƙusar bayan ƙofa, ta ce gobe a yi wa Malama wake da kabewa. Dusar ƙanƙara ta sauko kafin gari ya waye, ta rufe hanya, ta rufe makaranta. Zazzaɓi ya kama Yamna a ƙirji. Ba mota, alfadari ma ba ya iya sauka. A kwana na huɗu, da hantsi, ta cika a cinyar uwarta.

Bihi ya iso bayan an binne ta. Ya yi sati yana zaune yana kallon ƙasa, ya koma. Ya bar tsohuwar jallabiyarsa rataye a ƙusar bayan ƙofa, ta rufe kwandon ruf.

Ranar da aka buɗe makaranta Ijja ta ji an buga ƙarfen kiran yara. Ta san abin da yake bayan ƙofa. Ba mantuwa ta yi ba, kada wani ya ce mantuwa ce. Ta miƙe, ta kai hannu, ta tuna hannun da ya rataye shi, ta koma ta zauna. Washegari ta ce gobe. A rana ta uku wani abu ya shigo zuciyarta ya sami wurin zama. Ta ce ai sanyin ajin nan ne ya kashe mata 'ya. Ta tuna Malama a wurin ta'aziyya, da mayafinta mai tsabta, tana cewa Yamna ta fi kowa karatu. Karatun ya tsare ta daga me? Ga Malama can da ranta, ga cikinta da ba ya cika. To, ta ci abin da ta tara.

Lalla Itto ta ɗauka cikin hidimar makoki wani ya wuce da kwandon gidan Tuda. Tuda ta ɗauka an sake farowa daga ƙasan gari don a raga wa gidan rasuwa. Ba wadda ta tambayi wata. Kullum bayan la'asar suna zuwa taya Ijja zama, su jingina da bango, jallabiyar Bihi tana lilo a saman kawunansu.

"Kun ji an ce maza sun tsayar da kwando?" in ji Tuda wata rana.

"Me ta yi?"

"Oho. Ƙila sun gaji da cika rumbu ne."

Aka fara dariya, aka tuna gidan da ake, aka haɗiye. Maza kuma da suka ji ƙishin-ƙishin, suka ce ai kwando sha'anin mata ne, in sun tsayar suna da dalilinsu. Ijja tana jin duk wannan tana zuba musu shayi. Ta san abin da Malama za ta fahimta. Ta yi shiru.

Ranar Talata, kwana goma sha ɗaya da buɗe makaranta, wata mata ta yi sallama da rana tsaka, lokacin ba kowa. Mammas ce, daga gidajen ƙetaren rafi, tafiyar awa biyu a ƙafa. Mu da mutanen ƙetare muna gaisawa, amma tun rigimar magudanar ruwa ta zamanin iyayenmu ba a cin abinci a gidan juna, ba sa kuma cikin zagayen kwando. Ta ajiye dunƙulen sukarin ta'aziyya a gaban Ijja, ta zauna daidai ƙarƙashin ƙusar.

"Ki yi mini gafara, 'yar uwa. Surukata ce a kwance, sai yau na sami mai zama da ita. Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin. Allah ya ba da lada."

"'Yan matana har yau suna kukanta. Ita ce fa take gutsura musu burodi. Hadda, babbarsu, ta ce kullum sai ta ba ta wajen da bai ƙone ba."

Ijja ta ɗago kai. "Wane burodi?"

Mammas ta rufe baki da hannu. "Wayyo, bakina. Ashe ke ma ba ki sani ba? To, tunda ya fito ya fito. Ni ma sai makon jiya na ji."

Ta ce yaran ƙetare biyar ne a makarantar, nata biyu mata, da uku na Addi wan mijinta. Idan an tashi cin abincin rana 'yan gari suna rugawa gida, su kuwa ina za su? Sha'ir bai yi ba a ƙetare bana. Ɗan busasshen burodin da ake ba su, tun a hanya da safe suke cinye shi. Tun farkon zuwanta Malama ta gan su a bayan aji suna wasa da tsakuwa don kada a gane. Daga ranar take shimfiɗa musu abin da yake cikin kwando, ita ta ɗauki gefen burodi ta sha da shayi. Ta sa suka yi alkawarin ba za su faɗa ba, don in iyayensu maza suka ji suna cin abincin 'yan gari, za su cire su. Yamna ce kaɗai ta sani, don ta taɓa mance allonta ta dawo ta same su.

"Da kwando ya tsaya Malama ta dafa musu shinkafarta, ta buɗe musu kifin gwangwaninta, har ya ƙare. Ranar Alhamis Hadda ta faɗi a hanyar dawowa, jiri ya ɗebe ta, ta fasa goshi. A nan ƙanwarta ta tona. Addi da ya ji ya cire nasa ukun, ya ce ba zai aika 'ya'yansa bara ba, ba kuma zai aika su suma a dutse ba. Nawa ma da kuka na riƙe su. To, riƙon me ma? Sun ce Malama ta ɗaure kaya, jibi za ta bi motar kasuwa. Kin san in ta sauka ba mai hawowa sai baɗi, in an samu."

Mammas ta share ido da gefen mayafi.

"Ni dai abin da nake tambaya, me baiwar Allahn nan ta yi wa mutanenku? Wace irin zuciya ce za ta hana baƙuwa abinci cikin wannan sanyi? Ba da ke nake ba, 'yar uwa, ke kina da abin da ya dame ki."

Ijja ta ɗauki buta za ta zuba shayi, ya zuba a tire. Ta kasa duban matar, ta kasa duban bangon da yake bayanta.

Bayan Mammas ta tafi ta cire jallabiyar Bihi ta sauke kwandon. Ba komai a ciki sai ƙyallen rufe burodi, an ninke shi a karkace, irin ninkin Yamna da kullum take yi mata faɗa a kai. Ta zauna da shi a cinya har inuwa ta kai bakin ƙofa. *Malama tana ci, Inna.* Yarinya 'yar shekara tara ta riƙe sirrin mutum biyar, tana jin uwarta tana ba mata dariya a bakin rafi.

Akwai hanya mai sauƙi, Ijja ta gan ta sarai. Ta ajiye kwandon a ƙofar Tuda da asuba, kowa ya ce ɓata ya yi aka tsinta. Amma ta san wannan ba zai kwance kayan Malama ba. Wadda aka kora da shiru, sai an buɗe baki an ce mata ba korarta aka yi ba.

Laraba da safe ta hura tanderu, karo na farko tun rasuwar. Ta gasa burodi takwas, ta dafa wake da kabewa. Hanyar makaranta biyu ce, ɗaya ta bayan masallaci inda ba kowa, ɗaya ta bakin rafi. Ta bi ta bakin rafi.

Tuda ce ta fara ganinta. Hannunta ya tsaya a cikin ruwa.

"Ijja, wannan ba kwandon Malama ba ne?"

"Shi ne."

"A ina aka same shi?"

"Ba ɓata ya yi ba. Yana bayan ƙofata, inda kuke jingina."

Lalla Itto ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. "Mantuwa ce, 'yata. Mai makoki ba a kama ta da—"

"Ba mantuwa ba ce, Lalla. Ina sane. Ina jinku kuna cewa maza ne, na yi shiru."

Ijja ta ajiye kwandon a kan dutse ta faɗa musu abin da Mammas ta faɗa mata, ba ta rage ba, har da goshin Hadda, har da motar gobe. Idonta yana kan takalminta.

"Kin kashe mu, Ijja," in ji Tuda. "Kwana goma sha biyu! Kin sa an ce ƙauyenmu ya kori mace da yunwa."

"Ke rufe mana baki," in ji Lalla Itto. "Daga ƙofarki zuwa makaranta taki nawa ne? Ƙafa ce ba ki da ita ko baki? Ni ma da furfurata na ji daɗin hutun tanderu, ban tambaya ba. Wa ya fi ki dariyar Rumbu a nan?"

Tuda ta sunkuya ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita.

"In maza suka ji 'yan ƙetare ne suke ci fa?" wata ta tambaya a hankali.

"Wa zai faɗa musu? Sun taɓa leƙa tanderu? Malama ce mai ci, ai duk gari an sani." Lalla Itto ta juya wurin Ijja. "Je ki. Ko in raka ki?"

"Ni kaɗai na riƙe shi, ni kaɗai zan kai."

Ta isa daidai an tashi cin abinci, yara suna gudu suna wuce ta. A ƙofar ɗakin Malama ga jaka ɗaya da buhu ɗaure da igiya. Cikin ajin 'yan mata biyu suna zaune kusa da murhun da ba wuta, babbar da tsumma a goshi. Ijja ta ga bencin gaba, wajen ƙofa, inda aka bar gurbi ba wanda ya zauna. Ta kawar da kai.

Malama Gizlan tana goge allo. Ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta dubi kwandon, ta dubi mai ɗauke da shi.

"Innar Yamna. Sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Na kawo miki abincinki, Malama."

"Na gode. Da ba ki wahalar da kanki ba. Gobe zan sauka."

"Ba ƙauye ne ya tsayar da shi ba. Ba maza, ba mata. Ni ce. Yana gidana tun ranar da Yamna ta rataye shi, na gan shi kullum, na ƙi kawowa."

Malama ta ajiye tsumman goge allo.

"Na tambayi mai shago," in ji ta, "ya ce haka aka yi wa malamin da na gada. Tun daga ranar nake bin yaran nan ɗaya bayan ɗaya a raina, ina neman wanda na zalunta. Daga baya na ce don Yamna ne. Ranar ƙarshe tana tari. Na ji. Da na mayar da ita gida tun safe..."

"Ni ma na ji tarin," in ji Ijja. "Na aike ta karɓo kwando cikin iska."

Suka tsaya haka, allo a tsakaninsu. 'Yan matan Mammas suna kallon kwandon, ba sa kallonsu.

"Akwai kuma wani suna," in ji Ijja. "Ni na raɗa miki shi."

"Na san sunan. Yamna ta taɓa yaƙushin wata a kansa. Ta zo tana kuka ta ce in bari ta gaya miki gaskiya, ke kaɗai. Na hana ta." Malama ta ja numfashi. "Ya yi mini zafi, Innar Yamna, ba zan ce bai yi ba. Ni a garinmu ba a taɓa yi mini gorin abinci ba."

Ijja ta so ƙasa ta buɗe. Ba ta ce a yafe mata ba, bakinta bai kai nan ba. Ta durƙusa ta buɗe kwandon, ta shimfiɗa ƙyallen a ƙasa. Tururin wake ya tashi.

"Burodi nawa ne wannan?" in ji Malama.

"Takwas."

"Sun yi yawa. Biyu suka rage mini."

"Gobe zan haura ƙetare wurin Addi. In kina nan."

Malama ta dubi Hadda, ta dubi ƙanwarta. Sai ta fita. Ijja ta ji tana fama da ƙullin igiyar buhu, ta daɗe tana yi, sannan ta dawo da butar shayi da kofuna huɗu.

Ijja ta gutsura burodin da hannunta. Ta juya shi ta nemi wajen da bai ƙone ba ta miƙa wa Hadda. Sannan ta tura kwanon gaban Malama, ba ta ɗauke ido ba sai da ta ga ta ci.

Da yamma ta kai kwandon gidan Tuda da kanta. Lalla Itto tana can. Tsohuwar ta yi gyaran murya ta ce, a al'ada dai gidan da ba ɗalibi ba ya cikin zagaye, ba wanda zai ga laifinta in ta huta.

"Ku bar mini ranata," in ji Ijja.

Aka bar mata.

Motar kasuwa ta sauka ranar Alhamis ba Malama a ciki. A ranar Ijja ta haura ƙetare, ta tsaya a ƙofar Addi, ita da ba ta taɓa taka gidajen nan ba. Ta gaya masa abin da ta yi. Ta ce ba bara ba ce, abincin makaranta ne, duk wanda yake ajin yana da haƙƙi a ciki. Ya saurare ta yana gyaran sirdin alfadari, bai ce ta zauna ba. Bayan sati ɗaya ya mayar da 'ya'yansa maza biyu. Zayna kuwa, ƙanwarsu, ya riga ya ba ta kiwon awaki, ya ce ba mai karɓar mata.

Malama ta haura sau biyu a kan maganar, Mammas ta yi nata ƙoƙarin, bai sauya ba.

Har yanzu duk bayan kwana goma sha huɗu Ijja tana gasa burodi takwas ta ɗauki kwando ta nufi makaranta. Daga kan hanyar ana hango gangaren ƙetare. Wani lokaci Zayna tana can da awakinta, da jan ɗankwalinta, in ta ji ƙarar ƙarfen makaranta sai ta tsaya ta juyo. Ijja takan sauya wa kwandon hannu, ta sunkuyar da kai, ta ƙara sauri.